Kwalin Kawu Akawu

Zuwa ga Kawu Akawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, tare da fatan takardar nan ta same ku lafiya, kai da Anti da yara. Inna tana gaisuwa. Ƙafarta ta yi sauƙi, sai dai har yanzu ba ta iya doguwar tsayuwa.

Na san sai ka duba ƙarshen takardar ka ga ko wace ce. Ni ce autar Inna, wadda kakanta da kakanka suke wa da ƙane. Rabonka da ni tun ina firamare, ranar da ka zo duba Baba a asibiti. A wajen Inna na sami adireshin depon sarin kaya da kake aiki. Ka yi haƙuri, wasiƙata ta farko gare ka ta zama ta roƙo.

An ɗauke ni koyarwa na wucin gadi a wata sakandare mai nisa da gida. Darasin kasuwanci nake koya wa ajin ƙarshe. Ɗalibai hamsin da takwas ne, littattafai huɗu, ɗaya ma gara ta cinye masa babi biyu. Bara mutum tara ne kawai suka ci jarrabawar. Shugaban makaranta ya kira ni ofis ya ce, "Malama, in bana ma haka aka yi, za a soke darasin, ke kuma kin san matsayinki." Na san shi kuwa. Da albashin nan nake riƙe da Inna.

Kawu, yaran ba daƙiƙai ba ne. Sun haddace ma'anar komai kamar waƙa, amma ba su taɓa ganin abin da suke haddacewa ba. Jiya na zana cakin banki a allo, ya cinye rabin allon. Sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, to yaya ake sa shi a aljihu?" Aji ya fashe da dariya, ni kuwa kuka ne ya kusa ƙwace min. A jarrabawa za a ajiye musu hoton takardar kuɗin kaya a ce su nuna farashi da ragi. Na nemi a bar ni in kai su kasuwa, Shugaba ya ce babu mota kuma ba zai ɗauki alhakin 'ya'yan mutane ba.

Inna ta ce shekara ashirin da wani abu kana rubuta irin waɗannan takardu. Don Allah, in akwai tsofaffin da ba a so, rasit, takardar oda, takardar rakiyar kaya, ko wace iri ce, ka taimaka min da su. Motarku tana kawo kaya shagunan bakin titinmu duk ranar Talata. Saura wata uku jarrabawa, kuma ban san wani da zan roƙa ba.

'Yarka,
Auta.


Zuwa ga Auta,

Na amsa gaisuwa. Muna lafiya, ban da bayana da ya fara ƙorafi a kan kujerar ofis. Ki gaida Yaya, ki ce mata ta daina kai ƙafar nan kasuwa.

Na gane ki mana. Ke ce mai kukan nan da ta hana majinyata barci. Ashe har kin zama malama. Labarin caki ya ba ni dariya har yaran sito suka leƙo.

Na cika miki kwalin sabulu da takardun bara, na ba direban Talata. Amma ki saurara da kyau. Takardun nan an ware su ne don a ƙone, kuma ban nemi izinin Manaja ba, domin na san amsarsa. Kafin ido ɗaya ya gan su, ki sami baƙar tawada ki shafe sunan kamfani, da sunayen 'yan sari, da sa hannuna. Abin da ya fi komai, layin ragi. Ba ragi ɗaya muke yi wa kowa ba, kuma 'yan kasuwa ba su san na junansu ba. Ki shafe lambobin ki rubuta naki. A cikin aji za su tsaya, kada ko ɗaya ta fita ƙofa.

Ban sa wannan wasiƙa a kwalin ba, saboda direban ɗan'uwan Manaja ne kuma hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Na ce masa tsofaffin jaridu ne. Wasiƙar za ta bi gidan waya, na tabbata za ta riga shi. A jikin kwalin dai na yi miki tuni a taƙaice.

Allah ya ba yaranki sa'a.

Kawunki.


Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma godiyar da ban san yadda zan rubuta ta ba. Da fatan kowa lafiya. Ni mura ce ta ɗan taɓa ni, ta wuce.

Kwali ya iso ranar Talata. Na zazzage shi ina neman 'yar wasiƙa daga gare ka, ban samu ba, na ce aiki ne ya yi maka yawa. Na dai ga abin da ka rubuta a murfin: "Ki gyara su kafin ki raba." Na gyara su kuwa. Na ari dutsen guga na goge waɗanda suka yamutse, na manne yagaggun, na ware kowace iri daban na ɗaure da zare.

Da ma kana nan ranar Alhamis. Na ajiye wa kowa takarda ɗaya a kan tebur. Kowa ya ɗauki tasa yana juya ta. Wasu har sunsuna ta suke yi. Yaron nan mai tambayar aljihu ya ce, "Malama, wannan ta gaske ce? Mutum ya karɓi kaya da ita?" Na ce ƙwarai. Ya riƙe ta da hannu biyu.

Muka mai da ajin depo. Benci biyu suka zama sito, aka naɗa akawu da direba da 'yan sari. Mai oda ya rubuta, akawu ya duba, direba ya ƙi tashi sai an ba shi takardar rakiya. Abin da na yi wata biyu ina fama da shi, a awa ɗaya ya zauna. An buga ƙararrawar tashi babu wanda ya motsa.

Akwai wata yarinya, 'yar mai shagon kwana, wato shagon da ke kusurwar titinmu, wadda tun da na zo ban ji muryarta ba. Ita ce ta fara gano layin ragi. Ta ce, "Malama, me ya sa wannan aka rage masa kashi takwas cikin ɗari, wancan kuma uku?" Na ce mai sayen da yawa shi ake yi wa ragi mai yawa, haka littafi ya ce. Ta duba ta ce, "Amma ai katan ɗinsu ɗaya." Kai za ka fi ni sani.

Na ba kowa tasa ya tafi da ita gida, ya lissafo ragin ya kawo ranar Litinin. Karon farko ke nan da na ba da aikin gida babu wanda ya yi tsaki.

Allah ya saka maka, Kawu. Na fara jin kamar zan tsira.

Auta.


Kawu,

Gaisuwa. Ka gafarce ni.

Yau wasiƙarka ta iso. Na duba hatimin, kwana goma sha ɗaya ta yi a hanya. A tsaye na karanta ta a ɗakin malamai, da na kai wajen tawada sai na gane abin da na yi. Wallahi da na ga "gyara" ban kawo komai a raina ba sai guga da manni.

Na ruga aji na ce kowa ya fito da takardarsa. Hamsin da ɗaya na samu nan take. Shida na bi su gida-gida na karɓo, ɗaya ma an naɗe ƙusoshi a cikinta. Saura ɗaya, ta 'yar mai shagon kwana. Ta sunkuyar da kai ta ce tana hannun babanta.

Na je shagon. Ya bar ni a tsaye har ya sallami mutum uku. Sannan ya zaro takardar daga aljihun gaba ya shimfiɗa a kan teburin shago, ya danne da yatsa. Ashe ta mai shagon da ke kallonsa ce, a tsallaken titi. Ya ce, "Malama, shekara goma sha biyu ina sari a depon nan. Wancan shekararsa biyu. Ni uku, shi takwas. Kullum ina mamakin yadda yake karya farashi yana kwashe min mutane, har na fara zargin kaina." Na ce takardar makaranta ce, ya taimaka ya ba ni. Ya ce, "Ta makaranta ce, amma cinikina ne a ciki." Na durƙusa a gaban mutane. Ya ce in tashi, ba da ni yake ba. Ya mayar da ita aljihu.

'Yarsa ta ce gobe zai hau mota zuwa wajenku. Wannan takarda na ba wani fasinja da ya yi alkawarin kai ta hannunka, ban sani ba ko za ta riga shi. Sa hannunka yana ƙasanta ɓaro-ɓaro.

Ka ce ni na sace su. Ka ce duk abin da zai fid da kai, zan amsa. Don Allah ka rubuto ko layi ɗaya ne.

Auta.


Kawu,

Ina gaisuwa. Yaya jikin Anti da yara? Inna lafiya lau, ban faɗa mata komai ba tukuna.

Mako uku ke nan. Wannan ce ta uku da na aiko ba amsa. Kowace Talata ina tsaye a bakin titi kafin motarku ta iso. Direba ya ce ba ya ganinka a tagar akawu, wani yaro mai tabarau ne a wajen. Na ce ko hutu ka ɗauka. Ya ce, "Ke za ki tambaye ni?" ya ja ƙofarsa.

Labari ya kai wa Shugaba. Ya kulle kwalin a ofishinsa, ya ba ni takardar tuhuma, ya ce in bayyana dalilin da ya sa na shigo da abin da ba ya cikin manhaja. Na rubuta shafi biyu, ban sa sunanka ba. Mun koma littafi huɗu. Yara suna tambaya yaushe za a sake buɗe depo, ina cewa su buɗe shafi na tamanin.

Ba na iya cin abinci. In na ɗauki alli sai in manta abin da zan rubuta. Kawu, ko zagi ne ka aiko min, zan karɓa da hannu biyu. Shirun nan ne ba zan iya ba. In ka yarda, ranar Asabar zan taho in je gaban Manaja da kaina.

Auta.


Auta,

Na ga takardunki duka. Muna nan da rai. Hawan jinina ya tashi, likita ya ƙara min ƙwaya.

Ba fushi ne kaɗai ya hana ni amsa ba. Na ɗauki biro ya fi sau biyar, abin da yake fitowa ba na aikawa ba ne.

Fasinjanki ya iso da la'asar. Mutuminki mai shagon kwana kuwa tun da hantsi ya iso. Ranar karɓar kaya ce, 'yan sari sun fi talatin a layi. Bai zo tagata ba. Ya hau kan buhun gishiri ya karanta takardar da ƙarfi, suna da lamba. Kafin ka ce me, kowa yana tambayar na kusa da shi nawa ake rage masa. Mutum biyu suka kama kwalar juna. Aka rufe ƙofar sito, ranar ko katan ɗaya bai fita ba.

Manaja ya karɓi takardar ya duba ƙasanta, ya dube ni. Ya ce, "Akawu, wannan ba ta cikin waɗanda ka sa hannu cewa an ƙone?" Kin ce in ce ke kika sace. Yarinyar da ba ta taɓa taka depo ba? Na ce ni na fitar, na faɗi dalili. Ya yi dariyar da ba ta daɗi ba ya ce, "Ashe mun buɗe makaranta ban sani ba." Ya karɓi mabuɗai a gaban yaran da ni na koya musu riƙe biro.

Shekara ashirin da uku. Saura biyu in yi ritaya. An dakatar da ni, kwamiti zai zauna ƙarshen wata, kuma na san abin da zai ce.

Kada ki zo. Zuwanki ba zai buɗe ƙofar nan ba, kuma Antinki ba ta son jin sunanki a gidan nan yanzu. Ƙaramarmu tana ajin ƙarshe kamar yaranki, ki auna da kanki. Na san wasiƙa ce ta makara. Amma ke malamar kasuwanci ce. Kin ga suna, kin ga farashi, kin ga hatimi, ba ki tsaya kin tambayi kanki ba?

In za ki rubuto, ki daina aikawa depo. Ga adireshin gida a baya.

Kawunki.


Kawu,

Ina gaisuwa. Allah ya sauƙaƙa jikin, ya ba Anti haƙuri.

Tambayarka daidai ce. Ban tsaya ba. Murnar ganin yara sun farka ce ta rufe min ido. Na rubuta wa Manaja duk da haka, ban sani ba ko zai buɗe. Na kuma faɗa wa Inna. Ta ce, "Ni na ba ki adireshin."

'Yar mai shagon kwana ta daina zuwa makaranta. Depo ya daina ba babanta kaya, rabin kantocinsa babu komai. Ƙawarta ta ce min tana cewa ita ta jawo, da ba ta yi tambaya a aji ba da duk haka bai faru ba. Yarinyar da ta yi magana sau ɗaya a shekara, ga abin da ta koya daga yin maganar.

Na rubuta takardar barin aiki, tana cikin jakata. Ba na jin ya dace in riƙe aikina da abin da ya raba ka da naka.

Abu ɗaya ne ya hana ni miƙa ta. Ranar Laraba na shiga aji na tarar an jera benci kamar da. Sun yayyanka takardar buhun siminti, sun ja layuka da rula, sun zana takardun daga abin da suka tuna. Sun ƙirƙiro kamfaninsu, wai Kamfanin Aji Shida, masu sayar da iska a kwalba. Wanda suka naɗa akawu ya ce, "Malama, wannan ba wanda zai kulle, namu ne." Ban san ko daidai suka zana ba, ni ma a littafi na san yawancinsu. Ga guda biyar na sa a ciki. Ba roƙo nake ba. Na dai ga ya kamata ka gani.

Ka faɗa min abin da zan yi da takardar da ke jakata. Abin da ka ce shi zan yi.

Auta.


Auta,

Lafiya ƙalau, jinin ya ɗan sauka. Ki gaida Yaya, ki ce mata ba da adireshi ba laifi ba ne.

Kwamiti ya zauna. An sallame ni. Sun ce don tsufana ba za a kai maganar gaba ba. Yanzu da safe nakan sa riga in ɗauki hula, sai in tuna, in zauna a kan tabarma. Wani abokina mai sikeli a kasuwar hatsi ya ce yana neman mai rubuta masa awo, zan je in gani.

Ki yaga takardar nan ta jakarki. Mutum ɗaya ya rasa aiki a dangi, ya isa. In kika bari, asarata ta tashi a banza ke nan.

Tambayar yarinyar nan ta tsaya min. Katan ɗinsu ɗaya, gaskiyarta. Mai tsallaken titi surukin wani babba ne a kamfani, shi ke nan dalilin. Ni na riƙa rubuta uku da takwas ɗin nan da hannuna, ban taɓa ɗaga kai ba. Ki je gidansu. Kada ki aika, ki je da ƙafarki. Ki ce mata akawun da ya rubuta takardar ya ce tambayarta daidai ce, kuma ta zo ta rubuta jarrabawa.

Na duba aikin masu sayar da iska. Takardar odar ta yi. Ta rakiyar kaya ba a sa farashi a cikinta, direba ba ruwansa da farashi, ki gaya musu. Wanda ya yi rasit ya manta kwanan wata, a wajenmu wannan kaɗai ya isa a kore shi. Na gyara duka, na kuma zana musu samfurin kowace iri da sunayen ƙarya, goma sha huɗu. Su kwafa.

Ba zan yi miki ƙarya in ce zuciyata ta huce ba. Ba ta huce ba. Amma ki aiko da sauran hamsin da ukun in duba, ba abin da nake yi da rana.

Kawunki.


Kawu,

Ina gaisuwa da fatan alheri. Yaya kasuwar hatsi? Na ji an ce tsayuwa ce daga safe har yamma. Yaya bayan?

Sakamako ya fito jiya. Ashirin da shida suka ci. Shugaba ya so talatin. Ya daɗe yana juya takardar, sannan ya ce za a bar darasin shekara ɗaya a gani, ni ma haka. Takardar tuhumar tana nan a fayil ɗina, kwalin kuma ya sa an ƙone shi a gabana.

Sau huɗu na je gidan mai shagon kwana kafin ya bar ta ta fito. Na faɗa mata saƙonka kalma da kalma. Ta rubuta, ta ci. Shagon dai ya koma rabi, yanzu daga wani gari mai nisa yake ɗauko kaya, kuma in na wuce ba ya amsa gaisuwata.

Ban san yadda ake murna da irin wannan ba. Mutum ashirin da shida sun haye, kai kana tsaye a bakin sikeli.

Inna ta ce wasiƙa ta yi iyakar abin da za ta iya. Ranar Laraba za ta hau mota ta zo wajenku, da ƙafar tata a haka. Na ce ta bari in raka ta, ta ce a'a, ba ni Anti za ta fara gani ba. Na ce to in ba a buɗe mata ƙofa ba fa? Ta ce za ta tafi da tabarmarta.

Don Allah, Kawu, ka sa a tarye ta a tasha. Ba ta san unguwar ba.

'Yarka,
Auta.